Kwalbar Barkonon Baba Burki

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar bas ta cikin gari, a layi guda, daga babbar tasha zuwa unguwar bayan asibiti, ya juyo. Sunan Burki kuwa fasinjoji ne suka laƙaba masa, domin ba ya wuce inda aka ce mota ta tsaya ko da taku ɗaya. In ya iso sai ya take burki tamau, waɗanda ke tsaye su rungumi juna ba shiri, mai kwandon ƙwai ta yi salati. An sha kai ƙararsa ofis. Amsarsa guda ce kullum: "An ce nan ake tsayawa, nan na tsaya." Da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba, sunan ya zauna, har matarsa in ta so tsokana da shi take kiransa.

Mutum ne siriri, dogo, mai ƙaramar murya. Ba ya shan taba, ba ya zaman caca, shayi ma ba shi da damuwa da shi. Abu ɗaya ne ya riƙe a duniya, shi ne barkonon kwalba, wato wanda ake dakawa da albasa da tafarnuwa, a soya shi cikin mai har ya yi duhu, a ɗura a ajiye. Yana da kwalbarsa ta kansa, ta zuma ce tun asali, mai faɗin baki, murfinta ya lotsa ta gefe ɗaya. Cikin tsohuwar safa yake zura ta don kada ta fashe, ya maƙale ta a gefen kujerar direba. Da ita ya ci shinkafa a tasha, da ita ya ci burodi da ƙwai a tsaye, da ita ya je bikin 'ya'yansa uku, ya fito da ita daga aljihu a gaban surukai ko kunya babu.

Mai tuƙa layi guda tsawon shekaru yana sanin gari irin sanin da taswira ba ta yi masa ba. Baba Burki ya san duk shagon da ake sayar da barkono a hanyarsa, kuma yana da yadda yake gane na kirki. In ka isa bakin ƙofa ba ka yi atishawa ba, in ji shi, juya ka tafi. In ka ga an manna wa kwalba takarda mai hoton wuta, to takardar ce kawai ke ci da wuta. Yakan dubi farcen mai sayarwa ya ga ko ya rine, ya ɗaga kwalba saitin haske ya ga ko mai ya taso sama kamar faɗin yatsa biyu, ƙwayoyin kuma suna nan ba a tace su ba.

Amma ba ya ɗanɗanawa a shago. Wannan doka ce da bai taɓa karyawa ba. A wurinsa ɗanɗana kayan mutum a gabansa zargi ne, kamar ka ce masa ba ka yarda da shi ba. Ban da haka, yakan ce barkono sabon ɗuri yana cikin fushi, bai san abin da yake yi ba, sai ya kwana a kwalba ya huce sannan halinsa na gaskiya ke fitowa. Don haka in ya sayo sai ya ɗora kwalbar a kan kantar kicin, ya fita wurin hirarsa, ba zai buɗe ta ba sai abincin rana na washegari.

Cikin duk shagunan, guda ne ya zama nasa. Wani ɗan lungu ne tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da fenti, na wata dattijuwa da ake kira Mai Turmi, domin har yau ba ta yarda injin markaɗe ya shiga shagonta ba. Ta girme shi da 'yan shekaru, shi ya sa yake ce mata Yaya. Ita kuma Direba take ce masa, ko bayan da ya ajiye aiki. Shekara ashirin da shida yana miƙa mata kwalba cikin safa, tana cikawa.

Shekara biyu da yin ritaya, wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi, ya yi aman jini a tsakar ɗaki. Kwana tara ya yi a gadon asibiti. Gyambon ciki ne, in ji likita, wani matashi mai sanyin magana. Ranar sallama ya zaunar da shi da matarsa, ya lissafa abin da za a kiyaye, ya ƙare da cewa barkono kam a haƙura da shi.

"Likita, cikin nan naka ne ko nawa?"

"Naka ne, Baba. Amma ni aka kawo wa shi."

"To na karɓi abina. Maganin zan sha, ba na wasa da magani. Barkono kuwa tare muka tsufa, ba kai za ka raba mu ba."

Matarsa tana zaune a gefe da jakar magunguna a cinya. Mace ce gajera, kakkaura, mai saurin baki, wadda a shekara arba'in na aurensu ba ta taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba tare da ta ɗora tata a kai ba. Ranar ba ta ce uffan ba. Shi kuwa ya ɗauka shirun nan goyon baya ne, har ya ji ta ƙara shiga ransa.

Mako uku ya daure yana cin abinci fari fat. A na huɗu ya ɗauki kwalbarsa ya nufi wurin Mai Turmi. Ta yi masa barka da tashi, ta cika, ya kawo gida ya ɗora a kan kantar kicin, ya fita wurin tsoffin direbobi da suke zama a benci bayan tasha. Washegari da rana ya zauna, ya zare safa, ya ɗebi cokali guda ya kwaɓa da shinkafa.

Launin yana nan, ja mai duhu. Ƙamshin ma yana nan, ko da yake kamar daga nesa. Amma da ya kai loma baki, sai ya ji shiru. Ɗan ɗumi ya taɓa masa harshe ya wuce, kamar mutumin da ya leƙo ɗaki ya ga ba nan ba ne. Ya ƙara cokali. Ya ƙara wani.

"Lafiya, Malam?" in ji matarsa.

"Lafiya lau. Maganin nan ne ya ɗaure min baki."

Maganin ya ƙare, aka canza masa wani mai sauƙi. Kwalba ta biyu ta zo, ta kwana, ita ma haka. Ranar da ya ci ta uku bai ƙarasa abincin ba. Ya murɗe murfi, ya sa hula, ya fita.

Akwai mata huɗu a shagon da wani mai gidan abinci da ya zo da babban bokiti. Mai Turmi na zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno, taɓarya a hannu.

"Yaya, ashe ke ma kin bi sahu?"

"Sahun wa, Direba?"

"Sahun 'yan zamani. Tun yaushe kika fara cika mana kwalba da tumatir?"

Taɓaryar ta tsaya. Matan suka dubi juna. Mai bokiti ya leƙa cikin bokitinsa.

"Sake faɗi in ji."

"Na ce barkononki ya zama ruwa. Jariri zai sha shi da cokali ya yi barci. Shekara ashirin da shida ina aiko miki da mutane, ina cewa ku je wurin Yaya, ita kaɗai ta rage. Ashe ƙarya nake yi musu."

Mai Turmi ta miƙe a hankali, ta goge hannu da zanen da ke kafaɗarta. "Ga turmi, ga cokali. Ɗanɗana a gaban mutanen nan."

"Ba na ɗanɗanawa a shago, kin sani."

"Amma kana zagi a shago. To fitar min. Ka je gari da faɗi, ka nemo wanda ya fi ni."

Ya fita. Yana jin mai bokiti a bayansa yana cewa ko za ta bari ya ɗan lasa kafin a zuba masa, abin da ba wanda ya taɓa tambayarta.

Daga nan ya shiga neman shago. Tsoffin ma'aikata suna da katin hawa bas kyauta, sai ya mayar da shi aiki. Kullum ya karya kumallo sai ya fita da kwalba a aljihu. Direbobin yanzu, waɗanda da yawansu a hannunsa suka koyi tuƙi, sukan ba shi kujerar gaba.

"Baba, yau kuma ina muka nufa?"

"Ja mota kai dai. Kuma ka wuce wurin tsayawa da taku uku, ina kallonka."

Ya fara da babban kantin nan mai ƙofar gilashi da ke buɗe kanta. Ya tarar da jerin kwalabe iri-iri, kowace da hoton wuta, wata da ƙoƙon kan mutum. Ya tsaya ya shaƙi iska, bai ji komai ba sai sanyin na'ura da ƙamshin sabulu. Ko taɓawa bai yi ba ya fito. Ya je layin teloli, inda aka kwatanta masa wani mutum mai tabarau da ke soya nasa a bayan shago. Tun daga bakin lungu atishawa ta kama shi, sau uku a jere, har ransa ya yi fari. Farcen mutumin ja ne kamar an shafa masa lalle. Mai ya taso yatsa biyu cif. Ya cika kwalba ya koma gida yana tafiyar saurayi.

Washegari da rana, shiru.

Ya je bayan garejin makanikai wurin wata mata da ke sayarwa ta taga. Ya je kasuwar kifi wurin wasu 'yan'uwa biyu da ba sa magana da juna amma suna daka turmi ɗaya. Ya hau layin da bai taɓa tuƙawa ba har ƙarshensa, ya sauka ya yi tafiyar rabin sa'a a ƙasa saboda wani fasinja ya rantse masa akwai wata tsohuwa a can da barkononta ya taɓa sumar da soja. Kowane shago ya cika sharuɗɗansa, ya yi atishawa, ya ga farce, ya ga mai. Kowace kwalba kuma ta kwana a kan kantar kicin, ta wayi gari lami.

A bencin bayan tasha ya zama abin dariya, shi kuma bai sassauta ba.

"Gari ya lalace," yakan ce musu. "Manoma sun lalace, masu daka sun lalace. Barkonon ma kansa an cire masa zuciya. Ni kaɗai na rage da na san yadda yake a da."

"Ko dai bakinka ne ya yi ritaya, Burki?" in ji wani tsohon abokin aikinsa mai haƙori ɗaya a gaba.

"Bakina ya fi motar da ka tuƙa lafiya. Kai da ka taɓa shiga da fasinjoji cikin rumfar mai kankana."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Amma maganar ta bi shi gida, domin ita ce abin da yake gudu tun kwalba ta farko. Mahaifinsa maƙeri ne, mai cin barkono kamarsa. Wata uku kafin rasuwarsa ya ture faranti, ya ce an daina sa wa abinci gishiri. Aka ƙara gishiri, ya ce bai ji ba. Aka zuba barkono har mai dafawa na hawaye, ya ce kamar takarda yake taunawa. Ya yi ta faɗa da mutanen gida, yana cewa cutarsa ake yi, har ranar da ya daina faɗan, ya daina cin. Baba Burki yana ɗan shekara sha tara a lokacin, shi ya riƙa fitar da farantin. Tun daga nan ya riƙe a ransa cewa a gidansu harshe ne ke fara tafiya, sauran jiki ya bi.

Bai gaya wa kowa wannan tsoron ba. Gara ya yi faɗa da gari gaba ɗaya, shago bayan shago, da ya zauna ya yarda. Amma ya fara rage abinci. Wandonsa ya yi masa yawa. Wata rana matarsa ta same shi yana gyara takardunsa cikin akwati, yana ware na gida daban, na fansho daban.

"Tafiya za ka yi?"

"Gyara kawai nake."

A wata na uku, yana dawowa daga wani shagon da ragowar barkonon mai tabarau a kwalbarsa, wanda ya sake saya don ya gwada karo na biyu, motar ta tsaya saitin lungun mai fenti. Bai shirya sauka ba. Ƙafarsa ce ta sauka, shi kuma ya bi ta.

Mai Turmi ta gan shi tun daga nesa, ta ci gaba da dakanta.

"Yaya, ina wuni."

"Mai tumatir dai ba ta da lafiya, ruwa ya yi mata yawa."

"Ba faɗa na zo ba. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ba ni amsa tsakaninki da Allah. Kin canza wani abu?"

Ta ɗago ta dube shi sosai, ta ga wuyan rigarsa yana lilo. Ta ajiye taɓarya. "Me ke cikin safar nan?"

"Na mai tabarau ne, na layin teloli."

"Kawo."

Ta buɗe, ta sunsuna, ta lakato da ɗan yatsa ta murza. Sannan ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Wannan ba nasa ba ne. Na san hannunsa, gishirinsa ya yi yawa kuma yana ƙona albasa, amma ba ya ha'inci. Wannan dafaffen tattasai ne aka markaɗa, aka ɗiga masa barkono kamar turare. Dubi laushinsa. Inji ne ya yi wannan. Ba mai shagon da zai sayar da shi ya kwana lafiya."

"A gabana ya zuba."

"To a bayanka aka canza." Ta ɗauki ƙaramin cokali, ta ɗebo daga tukunyar da ke gefenta, ta miƙa masa. "Ungo."

"Yaya, kin san ba na..."

"Na sani, dokarka. Dokar da ta sa ka zage ni a gaban mai bokiti, har yau sai ya lasa yake saya. Ba ladabi ne ya hana ka ba, Direba, tsoro ne. Tsoro kake ji ka sa a baki ka ji ba komai."

Akwai mutum uku a shagon, duk suka zuba masa ido. Baba Burki ya dubi cokalin. Ya karɓa, ya rufe ido, ya kai baki.

Daƙiƙa ɗaya, biyu, ba komai. Sai abin ya taso daga ƙasan harshe, ya kama gefen baki, ya haura hanci, ya fita ta kunnuwa. Idanunsa suka cika. Shaƙuwa ta sarƙe shi. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Ya dafa bango yana haki, yana buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa, sai kuma aka ji yana dariya, dariya da hawaye da majina gaba ɗaya.

"Yana nan!" yake cewa. "Wallahi yana nan!"

"Me ke nan?" in ji wata mata.

"Harshena, 'yar nan! Harshena!"

Mai Turmi ta tura masa gutsuren burodi. "Ci, kada ka mutu min a shago a ce tumatir ne ya kashe ka."

Da ya samu numfashi ya ce, "Yaya, ki yafe min."

"A hankali ka zage ni?"

Ya gane. Ya fita bakin ƙofa, ya tsaya tsakanin mai takalmi da mai fenti, ya ɗaga ƙaramar muryarsa iya ƙarfinta. "Jama'a, ni ne Burki! Na ce barkonon Yaya ruwa ne, ƙarya na yi! Wuta ne, ga fuskata ku gani!"

Mai gyaran takalmi ya tafa masa da takalma biyu. Mai Turmi ta wanke kwalbar da kanta, ta goge, ta cika ta har wuya.

"Sauran bayani kuma," ta ce tana murɗa murfin, "ka tambayi mai dafa maka abinci. Ka gaishe min da ita. Mace ce, ta yi abin da zan yi."

Ya isa gida da la'asar. Ya ɗora kwalbar a kan kantar kicin kamar kullum, ya ce ya tafi benci. Ya fita, ya zagaya layin sau ɗaya a hankali, ya tsaya ya gaisa da mai kanti, sannan ya dawo. Tun daga ƙofa ya ji kukan injin markaɗe.

Tana tsaye ta ba shi baya. A kan tebur ga tukunyar dafaffen tattasai tana tururi, ga mazurari, ga kwalbarsa tsirara ba safa, an kwashe fiye da rabinta cikin wani babban gwangwanin madara. Ta kashe inji, ta juyo, suka haɗa ido. Ko gezau ba ta yi ba.

"Ka manta wani abu ne?"

"Wata uku," ya ce. "Wata uku, tsohuwar nan."

"Da mako ɗaya. Kuma da ba ka dawo ba da na kai shekara."

"Ko kunya ba ki ji?"

"Kunyar me? Kai ka ga jinin nan? Kana kwance ba ka san inda kake ba. Ni na durƙusa na goge shi, ni na wanke rigar, sau huɗu ina canza ruwa. Ka tsaya gaban likita kana cewa cikinka naka ne. To naka ne, amma in ya fashe ni ke ɗauka. Da na ce ka bari, za ka bari?"

"A'a."

"Shi ke nan."

Ya nuna gwangwanin. "Wannan fa? Ina kike kai na gaskiyar?"

Nan ne kaɗai ta ɗan kawar da kai. "Zubarwa zan yi? Ni ba ni da gyambo."

"Ke kike cinyewa?"

"In ka fita. Kuma tunda ka tambaya, na mai tabarau gishiri ya yi masa yawa. Na kasuwar kifi ƙarni yake. Na tsohuwar nan mai sumar da soja ba laifi, amma bai kai tafiyar da ka yi ba. Duk yawonka, Baba Burki, ba wanda ya kama ƙafar Mai Turmi. Da ka tambaye ni da na hutar da kai."

Dariya ta so ƙwace masa, ya danne ta, domin akwai abin da bai faɗa ba tukuna. Ya ja kujera ya zauna.

"Kin tuna yadda mahaifina ya tafi? Na taɓa ba ki labari, muna sabon aure."

Ta gyaɗa kai.

"Harshensa ne ya fara mutuwa. Wata ukun nan, duk lomar da na kai baki na ji lami, cewa nake tawa ta zo. Takardun da kika ga ina gyarawa, na me kika ɗauka?"

Cokalin da ke hannunta ya sauka a kan tebur a hankali. Ta dubi wuyan rigarsa, ta dubi ɗamarar wandon da ya ƙara wa huda biyu. Ita duk zatonta ciwon ne bai gama sakinsa ba, har ta ƙara yawan tattasan.

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ke me ya hana ki?"

Tururin tukunya ya yi ta tashi a tsakaninsu. Can ta ja hanci, ta ce barkonon nan ne ya shiga mata ido.

"Ji nan," ya ce. "Ba zan bari ba. Ki gaya wa likita, ki gaya wa 'ya'yanki, ki tara min duk wanda kika ga dama. Amma cokali uku na daina. Miƙo ƙaramin can, na shayi. Rabinsa, sau ɗaya a rana, na gaskiya, kuma da hannuna zan ɗiba. In cikin ya yi magana, zan gaya miki da bakina. Ba a sake yi min wayo a farantina."

"Kwata."

"Rabi."

"Kwata, Malam, ko in fasa kwalbar."

"Fasa. Na san hanyar shaguna bakwai yanzu, kuma hawa mota kyauta nake yi."

Ta harare shi, ta juya ta zuba masa shinkafar da ta rage ta rana. Ta juye gwangwanin madarar cikin kwalbarsa, ta dire ta a gabansa da ƙarfi. Ta kawo kofin madara ta dire. Ta kawo ƙwayar maganinsa ta dire a gefen farantin. Sannan ta zauna ta naɗe hannu.

"Ai bai kwana ba," ta ce. "Yana cikin fushi."

"Ni ma haka."

Ya ɗebi rabin cokali, ya ɗaga mata ta gani, ya kwaɓa. Loma ta farko gumi ya keto masa. Ta biyu ya cire hula. Tana kallonsa ba ta ƙifta ido, yana ci yana shan iska ta haƙora, har ya share farantin tas, abin da bai yi ba tun kafin asibiti. Ya haɗiye maganin, ya kora da madara, ya tura mata farantin.

"Akwai saura a tukunya?"

Ta tashi ta ƙaro masa. Amma kafin ta ajiye, ta ɗauke kwalbar, ta zura ta cikin safarta, ta ɗora can saman kantar kicin inda dukansu biyu suke iya ganinta.